A Duba Mota Kafin A Ɗora Shanu

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar farashin sa da kuɗin duwan, mu taɓa maganar motar da ke kai mana dukiya kudu. Abin da ya sa kuwa, falke yakan wuni a kara yana zaɓen shanu, ya buɗe bakin wannan ya ga haƙori, ya shafa tozon wancan, ya sa a kora masa na uku don ya ga takunsa. Amma da an zo wajen mota sai ka ga minti biyar sun ishe shi. Ya tambayi ɗan kamasho nawa ne Legas, a ja, a daidaita, a ce yara su koro shanu. Shi ke nan, dukiyar da aka yi shekaru ana tarawa, wata ma ta amana ce, an ɗora ta bisa tayoyin da ba wanda ya sunkuya ya duba.

Mun san akwai mai cewa, to ni da ba direba ba, ba bakanike ba, ina ruwana da cikin inji? Da ruwanka, Alhaji. Motar siminti in ta lalace a daji ta kwana uku, siminti yana nan yadda aka loda shi. Shanu kuwa rai gare su. Muddin mota tana tafiya, iska tana ratsa bodi tana rage musu zafi. Da ta tsaya cikin rana sai iskar ta ɗauke, ƙarfe ya ɗau zafi, numfashinsu da ɗumin jikinsu su taru wuri guda. Wanda ya faɗi 'yan'uwansa su tattaka shi, wanda ya daɗe kwance ta gefe guda cikinsa ya kumbura, don sa ba ya iya gyatsa sosai a haka. Mai mota asararsa kuɗin gyara ce da kwanakin da ya rasa. Tamu asarar ita ce ba ta dawowa.

Ko ba a yi mushe ba ma, akwai ramar hanya. Masana kiwo sun auna sun ga sa in ya yi awa 24 a mota ba ci ba sha, yakan zubar da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa. To mu ɗauki mafi ƙanƙanta. A ce ka loda shanu 30, kowanne kilo 350, jimla kilo 10,500 ke nan. Kashi 5 cikin 100 na wannan kilo 525 ne, wato sa ɗaya da rabi ya bi iska. Gaskiya ne mafi yawan wannan abin da ke cikin tumbi ne, in sun huta sun ci sun sha wani ya dawo. Amma mahaucin kudu ba ya jiran su huta. Da ido yake saye, in ya ga kwiɓi ya faɗa, ido ya zurma, fata duk ƙujewa, tayin wulaƙanci zai yi maka, ga kuɗin ciyawa da na ruwa suna cin ka kullum. Saboda haka duk awar da mota ta ƙara a hanya, daga aljihunka ake biyan ta.

KAYAN DA TA HAWO DA SU

Yawancinmu da ƙafa muke tsallakawa da shanu, sa'an nan a loda a kasuwannin bakin iyaka: Maigatari ran Alhamis, Mai'adua da Illela ran Lahadi, mutanen gabas kuma su gangara har Potiskum ran Laraba. Daga Kano kaɗai zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, balle a haɗa da abin da ke bayan Kano. Motar da za ta yi wannan tafiya kuwa ba daga gareji ta fito ba. Jiya ko shekaranjiya ta hawo daga kudu da siminti ko ƙarfe ko gishiri ko katako, ta sauke, direba yana neman lodin komawa.

To a nan gizo ke saƙa. Shanu ba su da nauyi in an gwada su da waɗancan kaya. Dokar awon lodi da ƙasashen UEMOA suka amince da ita a 2005 ta tsayar da tan 51 ga tirela mai layin taya shida, mota da kayanta gaba ɗaya, kuma shanu 30 ko 40 ba su kai ta kusa da nan ba. Kayan hawowa su ne sau da yawa ke wuce ƙa'ida, su ne ke tsaga sifirin, su gajiyar da taya, su cinye birki. Ɓarnar ba ta nunawa nan take. Sai an ɗora shanunka an kama hanyar Mokwa ko ta Lokoja, mota ta faɗa rami guda, sa'an nan abin da ya tsage jiya ya ƙarasa karyewa. Don haka tambayar farko ga direba ita ce: me ka hawo da shi, yaushe ka sauke, an kuwa leƙa ƙarƙashin motar tun daga nan? Kai ma ka sunkuya da tocila ka bi sifirin ɗaya bayan ɗaya. Karyayyen falle ko wanda ya zame daga 'yan'uwansa ba ya ɓuya.

TAYA

Taya ce ta fi tsayar da mu a hanya, ita ce kuma ta fi sauƙin dubawa. Zafi ne ke fasa ta, kuma babban abin da ke kawo zafin shi ne ƙarancin iska. Taya in ba ta cika ba, a kowane juyi gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa, wayoyin cikinta su yi ta ɗaukar zafi kamar yadda waya ke zafi in kana tanƙwara ta da hannu, har roba ta rabu da waya. Ka haɗa wannan da kwaltar watan Afrilu da tsakar rana, sai ka ji bam. Manyan tayoyin tirela suna son iska wajen kilo 8 zuwa 9 a awon masu facin wajenmu, a gejin masu facin Najeriya kuma wajen 115 zuwa 130, abu ɗaya ne, awon ne ya bambanta. Da safe ake aunawa, taya tana da sanyi. Dukanta da ƙarfe da yaran mota ke yi ba ya nuna kome sai wadda ta sace sarai. Kada kuma a bar kowa ya rage wa taya iska a hanya wai don ta yi zafi ta cika da yawa. Hawan iska da zafi ɗabi'arta ce, in aka rage, da ta huce sai ta koma ƙasa da ƙa'ida.

Tayoyin baya bibbiyu suke, to ta cikin ita ake mantawa. In ta ciki ta sace, ta waje ce ke ɗaukar kayan biyu har ta fashe. Haka nan in aka haɗa sabuwa da tsohuwa, mai tsayin ce ke shan wahala. A duba kuma ko dutse ya maƙale a tsakaninsu.

Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a jikinta. A gefenta akwai rubutu da ya fara da DOT, ƙarshensa lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tun shekarar 2000 ake rubutawa haka. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, shi ya sa tayar gwanjo za ka gan ta da zane mai kyau alhali gefenta duk ya tsattsage. Wannan irin, da wadda ta yi ƙulu a gefe, da wadda aka sake yanka wa zane bayan ta suɗe, ko kusa kada su zauna a gaba. Ta baya in ta fashe akwai 'yar'uwarta. Ta gaba in ta fashe sitiyari ya kufce ke nan.

Sai notuna. In ka ga tsatsa ta yi layi daga bakin noti kamar hawaye, wannan notin yana motsi. Duk tayar da aka kwance aka mayar, a sake ɗaure notunanta bayan kilomita 50 zuwa 100. Ka ce kuma a nuna maka safaya biyu masu iska, da jak mai aiki, da sifana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

BIRKI

Birkin babbar mota da iska yake aiki. Inji yana juya kwamfireso, shi kuma ya cika tankunan da ke ƙarƙashi, in direba ya taka sai iskar ta tura lainin ya kama gangar taya. To ga gwajin da ko wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba zai iya yi. A tada mota a bar ta har allurar gejin iska ta tsaya, yawancin tsofaffin motocin Turai wajen lamba 8 take tsayawa. A kashe inji. Direba ya taka birki ya riƙe minti guda, kai kana kallon allura, yaronka yana zagaya mota yana saurare. Allura za ta ɗan sauka lokacin takawa ta tsaya. In ta ci gaba da sauka, ko aka ji huci a wani wuri, akwai yoyo, kuma yoyon da ke huci a tasha shi ne ke ƙarar da iska a gangara.

A ƙarƙashin kowane tanki akwai ɗan abin ja na zubar da ruwa. Iska in an matsa ta tana fitar da ruwa, ruwan ya kwanta a tanki, ya rage wa iska wuri, ya sa tsatsa a hanyoyinta. Kullum ya kamata a ja shi. In aka ja ya fito da ruwa haɗe da baƙin mai, kwamfireso ya fara gajiya.

Abu mafi muni da ke faruwa shi ne kashe birkin bodi. Tsakanin kai da bodi akwai tiyo biyu na iska, a motocin Turai ɗaya ja ɗaya rawaya. Wani in birkin taya guda yana yoyo, maimakon ya gyara sai ya lanƙwashe tiyon wannan tayar ya ɗaure da waya, yau ɗaya, gobe biyu, har a wayi gari kai kaɗai ke riƙe da mota. Ranar da aka taka da ƙarfi, bodi ya turo kai daga baya, su naɗe kamar askar wanzami. Ka leƙa da kanka, in ka ga ɗaurarren tiyo, nemi wata motar.

Sauran maganar birki a ƙafar direba take. Birki zafi yake mayar da gudun mota. In aka dinga taka shi a doguwar gangara, ganga ta yi zafi ta buɗe, lainin ya daina kamawa, direba yana takawa mota tana ƙara gudu. Masu bi ta Jos zuwa Akwanga da Lafiya sun san Hawan Kibo, sun kuma san ƙarafan da ke zube a gindinsa. Ƙa'idar ita ce, da giyar da za ka hau dutse da ita za ka sauka, kuma tun daga sama ake sa ta, a haɗa da birkin inji. Sakin mota a firi don a rage shan mai ganganci ne da dukiyar mutane, domin inji ya daina riƙe ta, kwamfireso kuma yana juyi a hankali daidai lokacin da aka fi bukatar iska. Yawan taka-saki ma iska yake zubarwa. A tuna kuma, in gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya ninki huɗu yake yi.

RUWA, BAƘIN MAI DA GAZUWAL

Kafin a tada inji da safe, a buɗe lagireto a ga ruwa, a zaro sandar awon baƙin mai a shafa a yatsa. In man ya koma fari-fari kamar shayi da madara, ruwa yana shiga inji, wannan motar ba ta kai ka Kaduna ba balle Ibadan. A duba fambel ko ya tsattsage, a matsa tiyon ruwa a ji ko ya yi laushi kamar tsumma. A duba gaban lagireto, don ƙura da ƙaiƙayi da ƙwari sukan toshe shi, iska ta kasa ratsawa. Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri yana barin ɓawo a ciki kamar gindin buta, a hankali ya toshe hanyoyin. Mota mai irin wannan za ta yi lafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, sai an zo hawa take tona asirin kanta. 'Yan'uwanmu na Kamaru sun san dutsen nan da ake hawa kafin a shiga Ngaundere daga Garwa, inda motoci ke jeruwa suna tururi.

In allurar zafi ta hau, a sauka gefe, a bar inji yana juyi a hankali na ɗan lokaci in dai ruwa bai zube ba. Kada yaron mota ya buɗe murfi nan take. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasa, da an buɗe sai ya yi tsiri ya sale fuska. Kada kuma a kwara ruwan sanyi cikin injin da ya ƙone da zafi, kansa yana iya tsagewa, gyaran awa guda ya koma na mako.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙi ƙirin yana nuna inji ba ya samun iska sosai ko mai yana yi masa yawa, sau da yawa filtar iska ce ta cika da ƙurar hunturu. Mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne inji ke ƙonawa, to irin wannan motar sai da galan a ajiye. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya ɗumama, ko ruwa ne ko man da bai ƙone ba, duka biyun kuwa aikin bakanike ne kafin lodi.

Gazuwal, wanda a Najeriya ake ce wa gas ko dizal, shi ma yakan kwantar da mota. Na jarka a bakin hanya yakan zo da ruwa da laka, wani ma a haɗa shi da kananzir. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki, da an hau gargada ya tashi ya shiga filta, mota ta fara shaƙewa tana mutuwa. Kananzir kuwa ba shi da maiƙon da famfon mai ke bukata, a hankali yake cinye shi. Direban kirki yana shan mai a gidan man da ya sani, yana kuma tafe da filta ta ajiya, da fambel, da 'yan tiyo.

BODI

Ka hau bodin da ƙafarka kafin shanu su hau. Ka taka ko'ina ka ji ko katako ya ruɓe ko ƙarfe ya cinye, domin fitsarin shanu yana cin ƙarfe, kuma ƙafar sa in ta zurma cikin rami karaya ce. Ka shafa bango ka nemi ƙusa da tsinin walda, su ne ke yaga fata. A zuba rairayi mai kauri don kada kofato ya zame in ƙasa ta jiƙe. A duba ƙofar baya da sakatarta, da farantin da ke haɗa kai da bodi, ya kasance da giris kuma ya kulle sosai.

Wajen lodi kuma a tsaya a tsakiya. In an cusa su da yawa, wanda ya faɗi ba shi da wurin tashi. In sun yi kaɗan ba a kuwa tsare su ba, kowace kwana sai su tafi gefe guda su ja mota. Masu dogon ƙaho irin na Bororo suna son wuri fiye da Azawak ko Gudali, kada a ƙirga su da lissafi ɗaya. Kada kuma a haɗa maruƙa da manyan bijimai ba tare da shinge ba.

DIREBA

Mota mai lafiya a hannun direban banza ba ta da maraba da mara lafiya. Shanu kaya ne masu motsi, nauyinsu kuma a sama yake. Figar mota, da taka birki farat ɗaya, da shiga kwana da gudu, duk suna zubar da su kan juna. Direban da ya san shanu a hankali yake tashi, tun daga nesa yake rage gudu, yana kuma tsayawa lokaci-lokaci 'yan rakiya su duba su tada wanda ya faɗi, shi kuma ya zagaya ya kai hannu kusa da cibiyar kowace taya. Wadda ta fi sauran zafi, ko birki ne ke kamawa ko boris ne ya bushe. A dokar hanya ta Najeriya gudun tirela kilomita 50 ne a awa a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Falken da ke zaune a gaba yana cewa taka mana mu cimma kasuwa, shi ke koya wa direba karya wannan ƙa'ida. Sauri ya haifi nawa.

Sai barci. Tafiyar dare tana da daɗi ga shanu da taya saboda sanyi, amma ita ce ke cin direba, musamman daga ƙarfe biyu zuwa asuba. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Gyangyaɗin daƙiƙa uku mita 50 ne ba mai riƙe da mota. A Turai, doka ba ta barin direba ya wuce awa 4 da rabi a jere sai ya huta minti 45, kuma awa 9 ne tuƙinsa na wuni. Namu kuwa wani ya kwana a hanya yana hawowa, ya wuni a kara yana jiran lodi, da magariba ya juya kudu. Goro da shayi da ƙwaya irin su taramol ba sa biyan bashin barci, ido ne kawai a buɗe. Ka dubi idon direba kamar yadda kake duba na sa. Ka tambaye shi yaushe rabonsa da barci, kuma akwai wanda zai karɓe shi? Awa uku da za ka ba shi ya kwanta kafin a tashi ba asara ba ce.

Maganar fasinja a kan shanu kuma, a bar ta. 'Yan rakiya biyu ko uku da ke da aiki a kai daban, amma mutum ashirin a kan katako bisa ƙahoni, kuɗin yana shiga aljihun direba, haɗarin yana kan kowa. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, wadda aka kafa a 1988, tana tare irin waɗannan motoci, in kuwa ta tare, shanunka ne za su tsaya a rana ana ja-in-ja.

IN TA LALACE A HANYA

Duk da haka ƙarfe ƙarfe ne, wata rana sai ya gaza. In ta faru, a yi ƙoƙari a fitar da mota daga kwalta, in da hali a kai ta inuwa, a sa weji gaba da baya. A ajiye alama mai ƙyalli nesa da mota ta kowane ɓangare, don ganye kaɗai ba ya ganuwa da dare, kuma in an tashi a kwashe ganyen da duwatsun kada su kashe na baya. Sa'an nan falke ya tambayi bakanike gaskiya, gyaran awa nawa ne, kayan gyaran yana nan kusa ko sai an je birni? In magana ta kai ga za a kwana a wuni, kada a tsaya ana gobe-gobe. A nemi wata motar a juye, ko a sauke shanu inda ruwa yake da izinin mutanen wurin. Kuɗin juyi yana da ciwo, amma bai kai na shanu biyu da aka yanka a bakin hanya aka sayar a araha ba. Waldar bakin hanya a sandar sitiyari ko sifirin kuwa, ta kai mota gari mafi kusa ce kawai, ba ta kai ta Legas ba.

TAKARDU DA ALKAWARI

Takarda ma tana tsayar da mota kamar yadda taya ke tsayar da ita. A ga lasin direba da inshora da takardar lafiyar mota, a duba ranar ƙarewarsu. Motar da za ta ƙetare iyaka tana bukatar katin inshora na ƙasa da ƙasa: na ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa a 1982, a ɓangaren Kamaru da Cadi kuma nasu na CEMAC mai ruwan hoda. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025, kyawunta mai mota ya tabbatar daga kamfanin inshorarsa cewa katin da ke hannunsa yana aiki a duk ƙasar da zai ratsa. A sani kuma, waɗannan katuna na biyan wanda mota ta yi wa ɓarna a hanya ne, ba su biyan shanun da ke cikinta.

Saboda haka a yi magana a fili gaban ɗan kamasho da shaidu tun kafin sa na farko ya hau. In mota ta lalace, wa zai biya kuɗin juyi? Awa nawa za a jira kafin a juye? Kada a biya kuɗin mota duka a tasha, a bar saura sai an sauke. A karɓi lambar wayar mai motar shi kansa, don in magana ta kai ga sayen taya ko famfon mai, direba ba shi da ta cewa.

Duk dubawar nan da muka lissafa ba ta wuce rabin awa ba. Wani direban zai ɓata rai, ya ce Alhaji kana raina mini mota. Ka ba shi haƙuri ka ci gaba da dubawa, mai mota tagari ba ya jin haushin a leƙa ƙarƙashinta. In ta fi sauran araha da yawa, ka tambayi kanka dalili, araha ba ta ado. Muna kuma kira ga shugabannin rassa da sarakunan kara su buɗe littafi, duk motar da ta ɗauki shanun ɗan ƙungiya a rubuta lambarta, da ranar tashi, da ranar sauka, da abin da ya faru a hanya. Cikin 'yan watanni kowa zai san motocin da ke kai kaya lafiya da waɗanda kullum sai an ji labari, masu motoci kuwa in suka ga lodi yana bin mai gyara, da kansu za su nufi gareji.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai dukiya kasuwa lafiya, Ya dawo da kowa ga iyalinsa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.